Mita 300 tsakanin mai hoto da dabba: yadda ake ɗaukar hoton namun tekun ƙanƙara

A watan Yuli na shekarar 2022 wata dabbar teku mai nauyin kilo 600 ta shigo mashigin ruwan Oslo, babban birnin ƙasar Norwe, ta riƙa hawa ƙananan jiragen ruwan mutane tana kwanciya shan hantsi. Wasu jiragen har sun nutse don nauyinta. Irin dabbar nan ce da Faransawa ke kira mors: jiki kamar na dorina, ƙafafu shimfiɗaɗɗu na iyo, gashin baki mai kauri, ga haure biyu sun zubo ƙasa. Aka sa mata suna Freya, hotunanta suka cika Facebook da gidajen talabijin, jama'a kuma suka yi ta tururuwa zuwa bakin ruwa, kowa da salularsa a hannu. Hukumar kula da kamun kifi ta ƙasar ta yi gargaɗi sau da yawa a ja da baya, ba a ji ba. Akwai waɗanda suka matso da yaransu har ƴan taku kaɗan daga gare ta, akwai masu shiga ruwa su yi iyo a gefenta. Ranar 14 ga watan Agusta hukumar ta sa aka harbe ta, bisa hujjar cewa ba za a jira sai ta halaka wani ba. Freya ba ta kashe kowa ba. Abin da ya ja mata shi ne yawan masu son hotonta daga kusa.

A gaɓoɓin tekun arewacin duniya, daga Norwe da Aislan zuwa Girinlan, Kanada da Alaska, ɗaukar hoton dabbobin ruwa da tsuntsayen teku sana'a ce babba, kuma ita ce ke jawo dubban masu yawon buɗe ido kowace shekara. Duk wahalar sana'ar tana komawa ga abu guda, wato tazara. Hoto mai kyau yana son a matso, dabbar kuwa lafiyarta tana cikin a bar mata fili.

Da farko sai an san waɗanne dabbobi ake nufi. Masuntan kogin Kwara sun san ayu, wanda yake rayuwa cikin ruwa amma ba kifi ba ne: yana leƙowa sama ya shaƙi iska, yana haihuwa, yana shayar da ɗansa nono. To haka su mors suke, haka balen, ƙaton nan da tsawonsa kan kai mita 15, haka orka mai baƙi da fari, haka fok mai kwanciya a kan ƙanƙara. Masana har da farin beyar suke lissafawa cikinsu, tunda abincinsa a kan ƙanƙarar teku yake samun sa. Tunda dukansu sai sun fito shan iska, mai hoto yana da damar ganinsu. Sai dai damar ba ta wuce ƙiftawar ido.

Sanyi, duhu da gishiri

Kafin dabba, yanayi ne ke fara gwada mutum. Wanda ya san ɗarin hunturu na Agadas ko Bilma bai ga komai ba tukuna. A can sanyi yana shanye batir cikin ɗan lokaci, shi ya sa masu sana'ar ke ɓoye na canji a aljihun ciki, jikin fata, su riƙa musanyawa. In an shigo ɗaki mai ɗumi da kyamara kai tsaye, raɓa ce za ta taru a kan gilashi da cikin na'urar, kamar yadda gorar ruwan sanyi ke yin gumi a watan Afrilu. Maganinta shi ne a ɗaure kyamarar cikin leda tun a waje, a bar ta ta yi ɗumi a hankali. Ga feshin ruwan gishiri da ke cin ƙarfe. Ga kuma farin ƙanƙara da ke ruɗa kyamara: tana ganin hasken ya yi yawa sai ta rage, hoton ya fito toka-toka, sai mai ita ya ƙara hasken da hannunsa.

Yawancin aikin a cikin ƙaramin kwalekwalen roba mai inji ake yin sa, ruwa na jijjiga shi, yatsu sun sandare cikin safar hannu. Don kada hoton tsuntsu mai tashi ya fito a dame, sai kyamara ta buɗe ido ta rufe cikin kashi ɗaya bisa 1000 ko 2000 na daƙiƙa. Irin wannan saurin kuwa haske yake so, hasken kuma a arewa ba ya zuwa daidai wa daida. A Longyearbyen, babban garin tsibiran Svalbard, rana ba ta faɗuwa daga ƙarshen Afrilu har bayan tsakiyar Agusta, sannan daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu ba ta fitowa sam.

Wani abin haushi ga masu hoto shi ne, lokacin duhun ne orka ke zuwa kusa da gaɓa. Daga Nuwamba zuwa Janairu tarin wani ƙaramin kifi mai kama da sardin, wanda ake kira haran, yakan shigo mashigan ruwan arewacin Norwe, tun 2017 galibi a kewayen garin Skjervøy. Orka da balen mai doro suna biye da shi. Orka suna farauta ne a ƙungiya: su kewaye kifin su dunƙule shi kamar ƙwallo, su tura shi sama, su riƙa dukansa da wutsiya har ya suma, sannan su tsince shi ɗaya bayan ɗaya. Abin kallo ne ƙwarai, amma duk hasken da ake samu a ranar bai fi na sa'o'i kaɗan ba, shi ma irin na bayan sallar asuba ne. Kowane jirgi yana so ya ci moriyar wannan ɗan lokaci, sai ka ga jirage da yawa sun yi wa iyali guda na orka zobe, ga masu rigar roba suna faɗawa ruwa don ɗaukar hoto daga ƙasa. Orka da sauti suke gane hanya da abinci, don haka ƙarar injina kaɗai ta isa ta ɓata musu farauta.

Hoton wutsiya

Da za a tsaya a nan, sai a ce kyamara ɓarna kawai take yi. Ba haka ba ne. Mafi yawan abin da aka sani game da waɗannan dabbobi, hoto ne ya bayyana shi, kuma ba hoton nan mai ɗaukar ido da ake rataye wa a falo ba.

A farkon shekarun 1970, wani masani ɗan Kanada mai suna Michael Bigg ya lura cewa kowace orka tana da kamanninta. Filafilin bayanta yana da tsaguwa ko tabo na kansa, haka ma tokar fatar da ke bayan filafilin. Ya shiga ɗaukar hotonsu ɗaya-ɗaya a gaɓar yammacin Kanada yana ba kowace lamba. A lokacin ana kama orka da rai ana sayar wa gidajen wasa, bisa zaton cewa suna da yawa ba iyaka. Ƙidayarsa ta nuna ba su wuce ƴan ɗaruruwa ba, kuma gommai da aka riga aka kwashe babban giɓi ne. Ba a daɗe ba aka daina kamun a yankin. Ta wannan hanyar ne kuma aka gane cewa a wasu zuriyoyin orka uwa ce shugabar gida, ɗiyanta maza da mata suna tare da ita har ta mutu.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a Nijar. Da ita ake ƙidayar raƙuman dawa na Kure: zanen jikin kowanne daban yake, sai a ɗauki hotonsa dama da hagu a adana.

Ga balen mai doro kuwa, shaidarsa tana ƙarƙashin wutsiya. In zai nutsa ƙasa sosai yakan ɗaga wutsiyar sama, sai a ga zanen baƙi da fari da ke cikinta, wanda babu biyu masu iri ɗaya, kamar zanen yatsa a katin ɗan ƙasa. Mai hoto yana bayansa yana jira, yana ƙirga numfashinsa, domin wutsiyar ba ta fi daƙiƙa biyu ko uku a sama ba. Tun 1977 wata cibiya a jihar Maine ta Amurka take tara irin waɗannan hotuna na arewacin tekun Atlantika. A da mutum ne ke zama yana gwada hoto da hoto har idonsa ya gaji. Tun 2015 akwai shafin Happywhale, inda ko ɗan yawon buɗe ido zai iya tura hotonsa, kwamfuta ta nemo masa ko an taɓa ganin wannan balen, a ina, kuma yaushe.

A nan ne labarin ya taɓo Afirka ta Yamma. An sami balen da aka ɗauki hoton wutsiyarsu a ruwan Norwe da Aislan, sannan aka sake ɗaukar su a tsibiran Kap Ber, yamma da Dakar. A arewa suke kiwo su tara kitse, a ruwan ɗumi na kewayen tsibirin Boa Vista suke haihuwa a watannin Maris zuwa Mayu. Wannan rukunin ƴan ɗaruruwa ne kawai. Ba a kama su an ɗaura musu wata na'ura kafin a san haka ba, hotuna biyu ne aka ajiye gefe da gefe.

Duwatsun tsuntsaye

Tsuntsayen tekun arewa rayuwarsu a kan ruwa take, ba sa zuwa tudu sai don ƙwai. In lokacin ya yi sai su taru dubbai a jikin duwatsu masu tsayi da suka miƙe daga cikin teku. Dutsen Látrabjarg na yammacin Aislan ya kai kilomita 14 a tsawo, tsayinsa kuma ya haura mita 400 a wasu wurare. Wanda ya fi farin jini a wurin shi ne akun teku, ɗan tsuntsu mai baƙin baya, farin ciki da baki mai launi ja da rawaya, wanda Faransawa ke ce wa makare. Fiye da rabin akun tekun Atlantika a Aislan suke ƙwai. Ba su cika tsoron mutum ba, shi ya sa ko da salula ana samun hotonsu.

Rashin tsoron ne tarkon. Akun teku rami yake haƙawa a ƙasar da ke bakin dutse, ya saka ƙwai ɗaya tak a shekara. Mai hoto da ya tako har baki yana iya rufta ramin a kan ɗan tsako, ko ƙasar da ramuka suka rarake ta zame da shi zuwa ƙasa. Don haka ake cewa wanda zai leƙa ya kwanta rub da ciki, ya ja jiki.

Wani tsuntsun, giyamo, ko sheƙa ba ya yi. A kan tsurar dutse yake ajiye ƙwansa guda, a wani ɗan tudu da bai fi tafin hannu ba, ya rufe shi da jikinsa. A dutsen Alkefjellet na Svalbard akwai ma'aurata wajen 60,000. In ƙarar inji ko jirgi maras matuƙi ta firgita su suka tashi gaba ɗaya, ƙwai na gangarowa cikin teku, waɗanda suka rage kuma manyan tsuntsaye masu kwasar ganima suna nan suna jira. Hoton dubban tsuntsaye sun rufe sama yana da kyau matuƙa, amma wanda ya san dawan garin yakan tambaya: me ya tashe su?

Su ma tsuntsaye hoto ya yi musu rana. Akun teku yana dawo wa ɗansa da ƙananan kifaye jere a baki, kuma kowa yana son wannan hoton. A 2017 ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, ta roƙi jama'a su turo mata irinsa. Aka samu fiye da 1000, masana suka zauna suna ƙirga kifayen, suna auna girmansu da tsawon bakin tsuntsun, don su gane inda abinci ya ragu. Tambayar tana da nauyi. A tsibiran Røst na Norwe yawan akun teku ya faɗi da kusan kashi 80 cikin 100 tun 1979, domin shekara da shekaru ƴan tsaki suna mutuwa da yunwa a cikin rami. Tun 2015 sunansa yana cikin jerin halittun duniya da ake jin tsoron ƙarewarsu.

Akwai kuma wadda ba ta yarda da raini, tsattsewar teku ta arewa. Nauyinta bai fi giram 100 da ɗoriya ba, amma duk wanda ya kusanci ƙwanta za ta sauko ta sare shi a ka har jini ya fito. Mutanen Svalbard sukan ɗaga sanda sama da kai in za su wuce, tunda abin da ya fi tsayi take kai wa hari. Ita ce ta fi kowane tsuntsu doguwar tafiya. Binciken da aka wallafa a 2010 kan waɗanda ke ƙwai a Girinlan ya nuna suna cin kilomita wajen 70,000 a shekara, daga ƙarshen arewa zuwa ƙarshen kudu da dawowa, kamar mutum ya je Damagaram daga Yamai ya dawo kusan sau 40. A hanyarsu ta zuwa kudu suna bi ta ruwan Afirka ta Yamma.

Abin da hoto ba ya faɗa

Yankin ƙanƙarar arewa yana ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya tun 1979, kuma masu hoto da yawa suna ɗaukar kansu shaidun wannan canji. Wani lokaci shaidar tana da ƙarfi. A 2014 an ɗauki hoton mors wajen 35,000 daga jirgin sama, sun cunkushe a gaɓar Point Lay ta Alaska, saboda ƙanƙarar da suka saba hutawa a kai ta janye nesa. A irin wannan cunkoso abu kaɗan ke tayar da su, su ruga ruwa su tattake ƙanana. Mutanen ƙauyen, waɗanda mors abincinsu ne tun kaka da kakanni, sun sha roƙon ƴan jarida da masu yawon buɗe ido kada su zo. Yanzu ma wani ɓangare na ƙidayar mors daga hotunan tauraron ɗan adam ake yin sa.

Wani lokacin kuma hoto yakan faɗi abin da bai sani ba. A ƙarshen 2017 bidiyon wani farin beyar da yunwa ta rame shi, yana jan ƙafa a wani tsibirin arewacin Kanada, ya zagaya duniya. Paul Nicklen da Cristina Mittermeier ne suka ɗauka, mujallar National Geographic kuma ta gabatar da shi a matsayin aikin canjin yanayi kai tsaye. Bayan watanni mujallar ta amsa cewa ta wuce gona da iri, domin ba wanda ya san abin da ya sami wannan beyar ɗin, ko tsufa ne, ko ciwo, ko rauni. Narkewar ƙanƙara gaskiya ce da aka auna, amma dabba guda a rana guda ba ta isa hujja ba, kuma masu musun canjin yanayi sun sami abin riƙewa a kyauta.

Sabuwar dokar Svalbard

Norwe ta hana farautar mors a Svalbard tun 1952, ta hana ta farin beyar tun 1973. Abin da ya rage shi ne jiragen baƙi, waɗanda yawansu ke ƙaruwa. Duk wanda zai fita bayan gari a can dole ya riƙe abin korar beyar, ana kuma tafiya da bindiga, saboda haka in mutum da beyar suka yi kusa da yawa, sau da yawa beyar ne ke kwana ƙasa. Haka ya faru a watan Yuli na 2018, lokacin da wani beyar ya raunata mai gadin wani jirgin yawon buɗe ido a tsibiran can arewa, abokan aikinsa suka harbe shi.

Daga 1 ga Janairu 2025 doka ta sa lamba a kan tazarar. Tsakanin mutum da farin beyar mita 300 ne, tsawon filin ƙwallo uku ke nan, daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Yuni kuma mita 500, lokacin da uwaye ke fitowa daga ramukan ƙanƙara da jarirai. In beyar ne ya matso, mutum ne zai ja da baya. Jirgi mai inji ba ya kusantar wurin kwanciyar mors ƙasa da mita 150. Kusa da wasu duwatsun tsuntsaye sai an rage gudu a lokacin ƙwai. An hana jirgi maras matuƙi a yankunan da aka keɓe, an taƙaita wuraren da jiragen baƙi ke saukar da mutane a cikinsu zuwa 43, jirgin da ya ɗauki fiye da mutum 200 kuma ba ya shiga.

Masu hoto da kamfanonin yawon buɗe ido da dama sun yi kuka. Hujjarsu ita ce, beyar da ake kallo daga babban jirgi da aka kashe injinsa ba ya damuwa, shi ne ma yakan tako don son ganin ƙwaƙwaf, kuma hotunan da ake kawowa ne suka sa duniya ta damu da shi. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai jirgi ɗaya mai ladabi ba shi ne matsalar ba. Matsalar ita ce na biyu da na goma, da matuƙin da baƙinsa suka biya kuɗi mai yawa suna jiran ya kai su kusa. Hukuma ba ta da ma'aunin ladabin kowa, mita kuwa tana aunuwa.

Dokar tana da wani sakamako da ba a cika faɗa ba. A mita 500, beyar ɗigo ne kawai a cikin salula. Wanda zai cika hoto da shi sai mai dogon gilashi na milimita 600, irin wanda sabonsa kan haura sefa miliyan 8, shi ma sau da yawa sai ya yanke gefen hoton. Wasu masu sana'ar sun karkata zuwa Girinlan da arewacin Kanada. Waɗanda suka zauna sun fara kawo wani irin hoto dabam, inda dabbar take ƙarama a tsakiyar fili, ana ganin ƙanƙarar da take takawa da buɗaɗɗen ruwan da ya kewaye ta.